An ɗauke ni injiniyan gwaji a kamfanin haɗa mita: in tafi ko in jira?

Sabon Injiniya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, musamman wurin yayyenmu da suka riga mu shiga masana'anta. Injiniyancin lantarki na karanta, wata bakwai ke nan da gama hidimar ƙasa ina zaune a gida. Satin da ya wuce wani kamfani da ke haɗa mitar wuta mai kati a kudu ya kira ni, na yi intabiyu, suka ce sun ɗauke ni a sashen gwaji. To abokaina da muka gama tare sun sa ni a gaba, wai wannan ba aikin injiniya ba ne, zama zan yi ina danna maɓalli, kore ya kama in wuce da mita, ja ya kama in ture ta gefe. Ni kuwa tun ina aji uku burina in zana da'irar lantarki da hannuna. Baba ya ce in tattara in tafi, da zaman banza gara aikin kishiya. Zuwa ƙarshen wata suka ba ni.

Ɗan Farm Centre: Kai malam, ana neman aiki ido rufe kai kana zaɓe? Turo min lambarsu in ba ka so.

Baban Amira: Wa alaikumus salam ƙanena. Shekarata tara a wannan aikin, shida daga ciki a nan Penang ta Maleshiya, a wani kamfani da ke ƙera wa wasu kamfanonin kayansu su buga sunansu. Abokanka mutum biyu suka haɗa suka mai da su ɗaya. Akwai mai tsayawa gaban na'ura, ya sa kaya ya danna ya jira fitila. Akwai kuma wanda ya zauna ya yanke abin da koren nan yake nufi, ya ce a auna nan da nan, daga kaza zuwa kaza lafiya ne, abin da ya haura a tare shi. Shi ya tsara jig ɗin, wato mazaunin da ake ɗora kayan a kai a gwada, shi ya rubuta manhajar, shi kuma ake tasowa daga barci idan ja ya yi yawa. Wannan na biyun shi ne injiniyan gwaji.

Ga yadda allo ɗaya, wato farantin da'ira da ake jera kayan lantarki a kai, yake bi ta layinmu. Ana shafa masa dalma ta cikin wani faranti mai ƙananan huda, na'ura ta auna ko dalmar ta zauna daidai a kowane gurbi. Inji ya jera kayan, allon ya ratsa tanda, kyamara ta duba ko wani abu ya karkace ko ya faɗi. Guntayen lantarki, wato chip, da ƙafafunsu ke ɓoye a ƙarƙashinsu sai da hoton eksire. Daga nan ya iso wurina. Muna da abin da muke kira gadon allurai: ɗaruruwan allurai masu sifirin, a danna allon a kansu, kowace ta taɓa wurinta, a auna ƙananan kayan da ke kan allon, irin su resista da kwandensa, ɗaya bayan ɗaya tun ba a ba allon wuta ba. In ya wuce nan sai a kunna shi a sa shi ya yi aikin da aka ƙera shi dominsa, a ga ko zai yi. Duk wannan ba ya yiwuwa sai ka karanta zanen da'irar ka fahimce ta kamar wanda ya zana, wani lokacin ma fiye da shi, don shi yadda za ta yi aiki ya sa a gaba, kai kuma yadda za ta lalace.

Malam Na Tsangaya: Injiniya, bayaninka ya yi, amma Penang kake ba da labari. Tun 1972 Intel ya kafa masana'anta a tsibirin nan, yau shekara hamsin da ɗoriya ana tara gwaninta a wuri ɗaya. Yaron nan ba can za shi ba. Galibin abin da ake kira masana'antar lantarki a ƙasarmu, allon a haɗe yake zuwa daga Chaina, benci na gwajin da manhajarsa su ma daga can. Abin da ya rage a ɗaura noti a liƙa lamba. Ina injiniyancin? Na koyar da ɗalibai da dama da suka shiga irin wannan, bayan shekara uku in ka tambaye su dokar Kirchhoff, wadda ake fara koya a lissafin da'ira, sai su yi ta sosa ƙeya. Ni shawarata ya nemi digiri na biyu.

Maman Sadik: Malam, da girmanka, a nan ban bi ka ba. Shekara huɗu na yi a ɗakin gwajin mita a ƙasar nan kafin aure ya mai da ni Kaduna. Gaskiya ne allon daga waje yake zuwa, ban musa ba. Amma mita ba rediyo ba ce, ma'auni ce, kamar mudun mai awo. Wadda ake sa wa a gidaje yawanci ajin farko ce, kuskurenta bai kamata ya wuce kashi 1 cikin 100 ba. Wa zai tabbatar da haka bayan ta sha jijjigar jirgin ruwa da zafin kwantena? Mu ne.

Ana jera su a benci, a ba su wuta daga na'urar da ke fitar da ainihin adadin da ka umarce ta, a gwama da wata uwar mita da ta fi su daidaito nesa ba kusa ba. 'Yar jar fitilar nan da kuke gani tana ƙiftawa a gaban mita, ba ado ba ce. In an rubuta 1000 a gefenta, ƙiftawa dubu shi ne yunit ɗaya, kuma ita idon benci yake ƙirgawa. Ana gwada ta da kaya mai nauyi, a gwada da ɗan kaɗan, a gwada da irin kayan da ke jan wuta a karkace kamar injin famfo. Akwai wanda ake ƙara mata ƙarfin wuta zuwa kashi 115 cikin 100 ba tare da an jona komai ba, a ga ko za ta ci kuɗin mutum alhali bai kunna ko kwan fitila ba. Sannan a ga ko tana yanke wuta in kati ya ƙare, tana kuma dawo da ita in an loda. Bayan namu, hukumar NEMSA ta gwamnati mai duba mitoci ma sai ta gwada ta sa hatiminta kafin a kai gidan kowa. Duk ranar da uwar mitar ta goce ba ka lura ba, mita ɗari nawa ka tura gidajen talakawa suna cin kuɗinsu? Ni abin da ya riƙa hana ni barci ke nan, ba rashin zane ba.

Ɗan Farm Centre: Hajiya to ashe ku ne! Mitar shagonmu gudu take kamar an biyo ta.

Maman Sadik: Ku kashe hita biyun nan da kuke narka dalma da su tun safe har dare, ku gani in ba ta koma tafiyar hawainiya ba.

Malam Na Tsangaya: Hajiya, na karɓi batun amana. Amma tambayata tana nan: bayan wata shida ya haddace bencin, me zai ƙara koya?

Baban Amira: Malam, ranar da komai ke tafiya daidai ba abin da zai koya, wannan na ba ka. Sai dai irin ranar ba ta da yawa. Ga wani abu da ya same ni a shekarata ta biyu. Wani allo da muke yi, a cikin ɗari da ƙyar biyu ke faɗuwa, kwatsam cikin dare aka koma goma sha. Ƙarfe biyu da rabi aka kira ni. Na tarar da manajan layi a tsaye, kwalaye sun taru, mota za ta ɗauki kaya da asuba. Abin da ke faɗuwa awo ɗaya ne, yana haura iyaka da ɗan ƙiris. Ya ce min, ai ƙiris ne, buɗe iyakar mu wuce. Kuma wallahi layi ɗaya ne a manhaja, minti ɗaya bai kai ba.

Na ɗauko allonmu na shaida, wanda muka tabbatar lafiyayye ne muke ajiye shi a kabad don irin wannan rana. Na ɗora shi, shi ma ya faɗi. Ashe ba kayan ba ne, na'urata ce ke ƙarya: allura ɗaya ce bakinta ya dushe, dattin dalma ya taru a kai. Na canza ta, komai ya dawo. To bayan wata huɗu sai ga irin wannan kiran, awo ɗaya, ƙiris ɗaya. Na zo da gadara, na ce allura ce. Na ɗora allon shaida, ya wuce lafiya lau. Wannan karon kayan ne: an ɗora wa inji nadin resista mai wata ƙima daban, kamarsu ɗaya a ido, kyamara ba ta gane ba. Da na buɗe iyaka tun karon farko, da na biyun ya wuce shiru har hannun masu saye. Alama iri ɗaya, ciwo daban. Ba littafin da ya koya min rarrabe su.

Sabon Injiniya: Yaya, to in manajan ya dage fa? Ai shi ne babba.

Baban Amira: Zai dage, aikinsa ke nan, shi da yawan abin da ya fita ake auna shi. Kada ka yi faɗa da shi a gaban ma'aikata. Ka ce ya rubuto, ya sa hannu, sashen inganci ma su sa hannu. Sau da yawa da zarar an zo maganar sa hannu sai gaggawar ta ragu. Amma kada ka ɗauka kullum kai ne mai gaskiya. Gwajin da ke kayar da lafiyayyen kaya shi ma asara ce, kuma laifinka ne. Haka lokaci. A ce layi na fitar da allo 3,000 a yini, ka rage daƙiƙa 5 a gwajin kowanne, ka ceto sama da awa huɗu. Rabin aikina neman daƙiƙun nan ne ba tare da na rufe ido a kan wani aibi ba.

Alhajin Gwangzu: Salamu alaikum. Ina ta karantawa tun ɗazu. Injiniya, in har ana wannan gwaje-gwajen duka, me ya sa muke sauke kwantenar caja, wata biyu mutane su fara dawo mana da ita? Shekarata goma sha biyar ina zuwa Chaina, kowace masana'anta ka shiga sai sun nuna maka takardu da hatimi.

Baban Amira: Ranka ya daɗe, in yi tambaya ba don raini ba. In sun faɗi farashi, nawa kake sa su rage?

Alhajin Gwangzu: Ciniki ai dole ne. Wanda bai taya ba ba ɗan kasuwa ba ne.

Baban Amira: Haka ne. To su mutanen nan da wuya su ce maka a'a. Za su ce to, sai su koma su cire kuɗin daga inda idonka ba ya kaiwa. Robar waje ba za su taɓa ba, don ita kake gani. Gwaji kuwa ba ya barin alama a jikin kaya. Caja ta ƙwarai, kowace ɗaya sai an buga mata wuta mai ƙarfi, wajen bolt 3,000 na daƙiƙa ɗaya ko biyu, tsakanin ɓangaren da ke shiga bango da wanda ke shiga waya, a tabbatar ba ta tsallaka ba. Sannan a jera su a ɗaki mai zafi a ɗora musu cikakken kaya na wasu awanni, masu raunin su mutu a can maimakon su mutu a hannun mai saye. Kayan lantarki haka suke, ko su mutu da jariranta ko su daɗe. Waɗannan matakai biyu suna cin wuta, suna cin wuri, suna cin ma'aikata. Su ake fara zubarwa. Layin da ya yi wa Bature caja, shi zai yi maka taka, da ma'aikatan nan dai, amma taka ta bi ta gajeriyar hanya.

Ɗan Farm Centre: Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wallahi Alhaji ina fasa cajojin nan, wata tsakanin layin wutar Nepa da layin waya ko kaurin farce babu. Shi ya sa mutum yana caji yana taɓa waya ya ji tana ɗan jan shi.

Alhajin Gwangzu: Yaro, kai da ke zaune a rumfa ba ka san abin da ake ciki ba. Na taɓa kawo mai kyau, na biya kuɗin komai. Ta fi ta maƙwabcina tsada da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Tasa ta ƙare cikin sati uku, tawa ta shekara a sito. Mai saye ya zo ya ce wacce ce ta araha, ba ya cewa wacce aka gwada. Ku daina ɗora mana laifi mu kaɗai.

Maman Sadik: Nan kam Alhaji ya faɗi gaskiya. Ni kaina na sha tsayawa gaban mai kaya in zaɓi ta arahar, ina sane.

Baban Amira: Ban ce laifinka ba ne kai kaɗai, Alhaji. Amma akwai abin da za ka iya ba tare da farashi ya tashi sosai ba. Ka sa a rubuta matakan gwajin a takardar oda, ka ce a ba ka sakamakon, kada ka tsaya a hatimi. Sannan kafin ka biya cikon kuɗi ka ɗauki mai dubawa mai zaman kansa. Akwai jadawalin da duk duniya ake bi: in odarka guda 5,000 ce, zai zaro 200 daga kwalaye daban-daban, shi zai zaɓa, ba su ba. A ma'aunin da aka fi amfani da shi, in masu babban aibi sun kai 11 an ƙi kayan gaba ɗaya. Wanda zai iya kashe mutum kuwa, ko ɗaya aka samu magana ta ƙare. Samfurin da suke miƙa maka a ofis da shayi, wannan da hannu aka zaɓe shi.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa ga manya. Ni sola nike ɗaurawa. Abin da munka lura da shi nan, inbata tana aiki lafiya lokacin ɗari, da an shiga watan huɗu sai su dinga mutuwa ɗaya bayan ɗaya. In munka buɗe, kwandensa ta kumbura kamar ƙosai. Shi ma rashin gwajin ne?

Baban Amira: Wannan ya wuce gwajin layi, ya koma kan abin da aka zaɓa tun wurin zane. Duba jikin kwandensar, za ka ga an rubuta 85 ko 105. Zafin da za ta jure ke nan na awannin da aka ƙayyade mata, sau da yawa 2,000. Ƙa'idar da muke bi ita ce duk saukar digiri 10 rayuwarta na ninkawa. A ce cikin akwatin yana kai digiri 65, wanda ba abin mamaki ba ne in waje ya haura 40 kuma ƙura ta toshe fanka. Mai 105 za ta ba ka wajen awa 32,000, sama da shekara uku da rabi ba kashewa. Mai 85 awa 8,000, ko shekara ba ta cika ba. Ranar da aka gwada su a masana'anta duk biyun kore za su nuna. Gwaji ba ya zuba wa kaya ingancin da ba a sa masa ba, tarewa kawai yake yi.

Ɗan Maraɗi: To wallahi 85 ce a wadda ke gabana yanzu. Na gode.

Malam Na Tsangaya: Ka ga ka dawo kan maganata da bakinka, Injiniya. Mai zane shi ne mai yanke hukunci. Mai gwaji ɗan kallo ne da ke da usur.

Baban Amira: Malam, usur ɗin ma ai wani abu ne. Ka tuna Galaxy Note 7. Samsung ya fitar da ita a watan Agustan 2016, farkon Satumba ya nemi a dawo da wajen miliyan biyu da rabi saboda batir na kamawa da wuta. Aka canza batir, waɗanda aka canza ma suka kama, a Oktoba aka daina ƙera ta, kamfanonin jiragen sama suka hana shiga da ita. Da suka fitar da bincikensu a Janairun 2017, na farkon matsewa ce a kusurwar batir, na biyun kuma tsinin walda ne ke huda rufin da ke raba ɓangarorin ciki. Me suka yi bayan nan? Gwaji suka ƙara, matakai takwas a kan batir, har da eksire. Kamfanin da ke da dubban masu zane ke nan.

Kuma in masana'anta ta san abin da take yi, ba a sakin zane sai mai gwaji ya duba. Ni nake cewa a ƙara min wurin taɓawa a nan, wannan guntun ba zan iya kaiwa gare shi ba a juya shi. Amma ba zan ɓoye wa yaron nan ba: sunan mai zane ake faɗa, namu ba a jin sa sai abu ya ɓaci. In kaya sun yi kyau an ce zane ya yi, in sun dawo a ce ina mai gwaji yake.

Ɗan Farm Centre: Oga tsaya. Ɗige-ɗigen nan masu ruwan zinare da ke bayan fanel ɗin waya, waɗanda muke haɗawa da hantsaki in waya ta ƙi karɓar filashin, kana nufin naku ne?

Baban Amira: Namu ne, nan alluran ke sauka. Ba don ku aka sa ba, kun dai gano ƙofar baya. JTAG ɗin da kuke ji ma, wato hanyar gwada guntu ta 'yan wayoyi kaɗan ba sai an taɓa kowace ƙafa ba, don gwajin masana'anta aka ƙirƙiro shi, a 1990 aka mai da shi ƙa'ida, lokacin da ƙafafun guntaye suka fara ƙanƙancewa allura ba ta iya kai musu. Wani abin kuma: kowace waya sai an sa ta a akwatin ƙarfe da ke tare sigina, a daidaita ƙarfin rediyonta ita kaɗai, a adana lambobin a cikinta tare da IMEI. Shi ya sa in kuka goge wannan ɓangaren kuka zuba na wata wayar, sabis ya dawo amma ba kamar da ba.

Ɗan Farm Centre: Innalillahi. Shekara takwas ina ɗora wa eriya laifi.

Maman Sadik: Tunda an zo nan, ku masu gyara ku ji tsoron Allah da hunturu. Tartsatsin nan da mutum ke ji in ya cire rigar sanyi ko ya taɓa ƙofar mota, kafin jiki ya ji shi ya kai wajen bolt 3,000. Wasu guntayen ƙasa da 100 ya ishe su. Kuma ba lallai su mutu nan take ba, sai su yi rauni, bayan sati biyu mai waya ya dawo yana zagi. Mu ba a shiga ɗakinmu sai da riga ta musamman da igiya a wuyan hannu da aka jona da ƙasa, kuma kowace safiya sai ka gwada igiyar. Na sha korar manya daga ɗakin saboda sun shigo da babbar riga suna son taɓa allo. Wani har ƙarata ya kai.

Shugaban Zaure: Jama'a a dawo kan tambayar yaro. Maganar caja da gyaran waya a buɗe mata nata zaren.

Sabon Injiniya: Na gode Shugaba, amma ni ma na ƙaru da ita. Anti Maman Sadik, ke da kika yi irin wurin da za ni, me zan tarar? Kada ki rage min komai.

Maman Sadik: Tsayuwa za ka tarar, da aikin dare in oda ta matso. Watannin farko za ka ji kamar abokanka sun yi gaskiya, don sai ka yi aikin mai danna maɓallin kafin a yarda ka taɓa saitin benci, kuma daidai ne. Albashin farko ba zai burge ka ba, haya a kudu kuma ba wasa. In benci ya lalace, wani lokacin sai an jira amsa daga Chaina, su suna barci ku kuna aiki. To a nan ne Malam bai gani ba: wanda ya iya buɗe bencin ya gano ciwon ba tare da jiran kowa ba, cikin shekara ɗaya ya zama wanda ba a iya yi sai da shi. Akwai kuma mitocin da ke faɗuwa. Yawanci tara su ake a kwana ba mai bi ta kansu. Ka roƙa a ba ka su. Ka buɗe, ka bi layi da maltimita, ka rubuta abin da ka samu a littafi, kowace da lambarta. Ni a haka na gano wani rukunin da ke faɗuwa duk ciwonsu ɗaya, waldar wayar da ke ɗauko awon wuta ce ba ta kama sosai ba. Da na tura musu hotuna da lambobi, daga ranar suka daina yi min kallon yarinya.

Ka kuma yi shirin abin da ba a layi yake ba. Ka tuna hayaniyar 24 ga Nuwamban 2024, da aka ce kowa ya shigar da wasu jerin lambobi guda biyu, kowanne mai lamba 20, ko mitarsa ta daina karɓar kati? Maƙirgin mintocin da ke cikin tsarin katin ne ya cika, tun 1993 yake ƙirga. Irin wannan in ya taso, 'yan sashen gwaji ake fara nema su tabbatar wace mita za ta karɓa wacce ba za ta karɓa ba.

Baban Amira: Ƙari a kan na Hajiya. Ka koyi Python, harshen rubuta manhaja, tun yanzu, ka iya sa kwamfuta ta yi magana da na'urar awo ta karɓo lamba ta adana. LabVIEW, manhajar sarrafa na'urorin awo, shi ma ana nemansa sosai a masana'antu, amma da tsada, bari sai ka samu a wurin aiki. Ka koma kan lissafin ƙididdiga da muka raina a makaranta, don a nan ba a tambayarka ko allo ɗaya ya yi, ana tambayarka ina dubu suka dosa. Sannan kafin ka sa hannu ka tambaye su abu uku: wa ke da ikon canza iyakar gwaji, ana ajiye sakamakon kowace mita da lambarta, kuma yaushe rabon da a kai uwar mitar a daidaita ta. In suka yi ta kame-kame a na ukun, ka san irin gidan da za ka shiga.

Malam Na Tsangaya: Ni dai ban sauka daga ra'ayina ba. In zai je ya je, amma ya sa wa kansa wa'adi, shekara biyu. In ya ga ba a barinsa ya wuce bencin, ya dawo makaranta. Kuma ya riƙa tara takardun ayyukansa saboda rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, kada shekaru su wuce ba shi da abin nunawa.

Maman Sadik: Wa'adin ba laifi, Malam. Ni ma da shekara biyu na shiga.

Alhajin Gwangzu: Injiniya na Penang, abubuwan nan biyu da ka ce a rubuta a oda, na wutar da na ɗakin zafin, turo min yadda ake rubuta su da Turanci ta akwatin sirri. Wata mai zuwa zan tafi. Ban yi alkawarin zan biya ba, zan dai ji nawa za su ƙara.

Baban Amira: Zan turo in na tashi, Alhaji, yanzu an kira ni layi na huɗu. Ka tambaye su kuma awa nawa, don wasu minti goma suke kunnawa su ce sun yi.

Sabon Injiniya: Na tura musu tambayoyin uku ta imel yanzun nan. Anti, igiyar hannun su za su ba ni ko in saya tun daga Kano?

Maman Sadik: Su za su ba ka. Takalmi mai taushi ka saya.